Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamai da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa na Bronx: a taimaka a buɗe mana aji

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu malamai Allah ya gafarta muku, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Alhazai masu riƙe da ƙungiyoyi, na 'yan zangon Ghana da na mutanen Nijar da namu na Najeriya, da hajiyoyinmu shugabannin mata, ina gaishe ku da girmamawa, ya iyali, ya sanyi, ya haƙuri da zaman garin mutane.

Ni 'yarku ce, ina cikin matan da ke zama bayan labule ranar Juma'a, da yawanku kun san maigidana, wasu hajiyoyin ma ni na yi wa 'ya'yansu kitson sallah shekarun baya. Na so a ce baki da baki na faɗi maganar nan a wurin taro, toh amma kun san yadda taron namu yake, kafin a gama lissafin kuɗin hayar masallaci da na hita da maganar wanda ya rasu ko za a haɗa kuɗi a kai shi gida ko a binne shi a New Jersey, lokaci ya tafi kowa na duba agogo zai koma aiki, mu mata kuma sai a ce za a sanar da ku. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani, inda na yi kuskure a gyara min, inda kuma harshena ya yi kaifi dan Allah a yafe, ba raini ba ne abin ne ya daɗe yana cina.

Magana ce a kan karatun manya. Ba na yara ba, yaranmu alhamdulillahi suna makaranta tunda doka ce, Asabar da Lahadi kuma kuna ƙoƙari sosai da islamiyya Allah ya saka da alheri. Mu nake nufi, iyayensu. Mutumin da ya shekara 15 yana tuƙin tasi ko Uber, ko wankin mota, ko gadi, ko delibari a kan keke cikin ƙanƙara, da matar da ta shekara 20 a tsaye a shagon kitso har ƙafa ta kumbura yatsu suka sandare, ko tana hom kiya tana kwana gidan wata tsohuwa tana ɗagawa tana kwantarwa bayanta ya ƙage. Duk aikin halak ne ban raina ko ɗaya ba, biyu daga ciki ni ma na yi su. Amma aiki ne na ƙarfin jiki, kuma jiki ba ya dawwama, ranar da gwiwa ta ce ta gaji me mutum zai koma yi a garin da haya ba ta jira?

Abin da ya fi ci min rai shi ne wasiƙa. Kowa a nan ya san ambulan ɗin nan da ke zuwa daga mai gida ko kotun haya ko Medicaid wato inshorar lafiya ta gwamnati, a ɗora ta kan firij ana jiran yaro ya taso daga makaranta ya karanta, wani lokacin kafin a karanta ranar da aka ba mutum ta wuce. Na taɓa raka wata baiwar Allah asibiti, da ɗanta namiji ɗan shekara 10 ta saba zuwa yana mata tafinta, wannan karon kuma larurar ta mata ce irin wadda ba ka faɗa a gaban ɗan cikinka, sai ta yi shiru ta koma gida da ciwonta har wata 3 kafin ta samu wadda za ta raka ta. Dokar da birnin nan ya yi a 2017 ta sa ma'aikatun gari su riƙa fassara muhimman takardu zuwa harsuna 10, akwai Larabci akwai Faransanci akwai Bengali da Urdu, amma babu Hausa. Faransancin yana taimakon 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal wato bokon Faransanci, wanda bai yi ba fa? Shi da takardar Turanci da ta Faransanci duk ɗaya ne a wurinsa.

Alhali ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A cikin Bronx ɗin nan tamu akwai kwalejin al'umma guda 2, duka a ƙarƙashin CUNY wato jami'ar birnin New York. Akwai Hostos a kan Grand Concourse daidai layi na 149, jirgi mai lamba 2 da 4 da 5 duk a bakinta suke tsayawa. Akwai kuma Bronx Community College can sama a University Avenue, in ka sauka Burnside a jirgi na 4 ka ɗan hau tudu ka iso. Direbobinmu kullum suna sauke fasinja a ƙofar makarantun nan su juya, bai taɓa zuwa ran mutum ba cewa shi ma zai iya faka motar ya shiga. Ba irin jami'ar da muka sani a gida ba ce da sai ka yi JAMB ka jira lis ka nemi wanda ya san wani. Makaranta ce ta shekara 2 da aka gina don mutanen unguwa, in kana da takardar gama sakandare ko madadinta ƙofa a buɗe take ba ruwansu da furfurarka, sai dai wasu fannonin kamar nas da ake tacewa saboda masu nema sun yi yawa. Kuma ban da digirin, suna da ɓangaren karatun manya da koyon sana'a, ajin Turanci, ajin shirin jarabawar GED wato madadin takardar gama sakandare, kwasa-kwasai na 'yan watanni na aikin asibiti da kwamfuta, da yawa da yamma ake yi ko ƙarshen sati saboda sun san ɗalibansu ma'aikata ne. Duka biyun suna da wurin renon yara a cikin makaranta.

Bari in ba ku labarin kaina don kar a ce ji na yi. A 2006 na zo garin nan, aji 3 na ƙaramar sakandare na tsaya a Kano aka yi min aure, Turancina bai wuce gaisuwa da faɗin kuɗin kitso ba. Shekara 8 ina tsakanin kitso da hom kiya. Wata 'yar Dominika ce da muke karɓar juna a gidan wata tsohuwa ta lura kullum in za a cike takardar aiki sai na roƙe ta, ita ce ta kama hannuna ta kai ni ajin Turanci na kyauta a babban laburaren da ke Kingsbridge Road. Daga nan na shiga ajin neman madadin takardar sakandare, lokacin sunan jarabawar TASC, sai a 2022 jihar ta koma GED. Lissafi sau 2 yana kayar da ni, na yi kuka a cikin jirgi, na koma, a na uku Allah ya ba ni. Na shiga Hostos na yi karatun nas mataki na LPN, na gama ina da shekara 41 da yara 4, yanzu ina aiki a gidan kula da tsofaffi, har yanzu tsofaffin nake kula da su amma albashin ba ɗaya ba ne, inshorar ba ɗaya ba ce, kuma wasiƙar gidana ni nake karanta abata.

Ba don a yaba min na kawo wannan ba, wallahi akwai matan da suka fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba suna nan a shagon kitso, mace ta iya Hausa da Twi da Zabarmanci da Faransancin kasuwa, tana riƙe lissafin adashen mutum 30 a kanta ba ta taɓa ɓatar da dala ɗaya ba. Abin da ke min ciwo shi ne ba ɗan uwana Bahaushe ne ya nuna min hanyar ba. Shekara 8 ina zuwa masallaci ina zuwa suna ina zuwa biki da Mauludi da zaman makoki, an yi sanarwar anko an yi ta gudummawa an yi ta jirgin Umra, ban taɓa ji ko sau ɗaya an ce jama'a ga ajin Turanci kyauta a wuri kaza ba. Da ban haɗu da matar nan ba da har yau ina nan inda nake.

Kuma ita ɗin ba haka kawai ta sani ba, mutanenta sun riƙe abin ne da hannu biyu. Hostos ɗin nan da kuke gani ba gwamnati ce ta wayi gari ta yi musu kyauta ba, 'yan Puerto Rico da sauran masu jin Sifaniyanci na kudancin Bronx ne suka matsa lamba sai an yi musu makaranta a unguwarsu, aka kafa ta a 1968, a 1970 ta fara da ɗalibai 623 a cikin wani tsohon kamfanin taya, kuma aka tsara ta yadda mutum zai fara karatu da harshensa yana koyon Turanci a hankali. Da birnin ya shiga matsalar kuɗi a tsakiyar shekarun 1970 aka ce za a rufe ta a haɗe ta da Bronx Community College, mutanen nan ba su zauna suna cewa haka Allah ya so ba, ɗalibai da malamai da mutanen unguwa suka fito kan titi, a 1976 suka shiga ginin suka zauna kusan sati 3, aka kama wasu, a ƙarshe majalisar jiha ta tabbatar da makarantar ta ci gaba. Lokacin su ma talakawa ne, masu aikin masana'anta da wanke-wanke, su ma ana musu dariyar Turanci. Yau ku shiga kowane ofis a Bronx ku ga su wa ke zaune a bayan tebur. Ni da na zauna a ajin makarantar nan na san a inuwar bishiyar da wasu suka shuka na sha iska, kuma har raina ina tambayar kaina mu wace muka shuka.

Kar a ce mu ba a jin maganarmu. Hutun sallah ƙarama da babba da yaranmu ke samu a makarantun gwamnati, ai ba daga sama ya faɗo ba, Musulmin garin nan ne suka haɗa kai shekara da shekaru, majalisar birni ta goyi baya tun 2009 magajin gari na lokacin ya ƙi, ba a fasa ba har Bill de Blasio ya sanar da shi a 2015. A 2023 kuma aka ba da damar kiran sallar Juma'a da lasifika ba sai an nemi izini ba. Wasunku da ke karanta wasiƙar nan da ku aka yi ta zirga-zirgar. Toh wanda ya iya wancan, zuwa ofishin shugaban sashen karatun manya na kwaleji ai ba zai gagare shi ba.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne nake roƙon malamai musamman su saurare ni, don na ji da kunnena maza da yawa suna cewa su ba za su shiga karatu a Amurka ba saboda bashi ne mai ruwa. Tsoron riba abu ne mai kyau Allah ya ƙara mana shi, amma an haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Akwai rancen ɗalibai, shi kam da ruwa a kansa, kuma ba wanda zai tilasta maka ka karɓa. Akwai kuma tallafi wanda ba a biya, Pell na gwamnatin tarayya wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara ga mai ƙaramin ƙarfi da ke da girin kad ko ɗan ƙasa, da TAP na jihar New York. Kuɗin makarantar kuma ga mazaunin birni dala 4,800 ne a shekara in cikakken ɗalibi ne, in kuma kaɗan-kaɗan zai riƙa ɗauka dala 210 kowane kiredit. Ku auna da kanku. Ni ban ci bashin ko sisi ba. Jarabawar GED kanta kyauta ce a jihar nan, fanni 4 ne, lissafi da Turanci da kimiyya da zamantakewa, kuma ba dole sai rana ɗaya ba, wanda ka ci ka ci sai ka koma wa wanda ya rage. In liman ɗaya ya tsaya ya bambance wa mutane tallafi da rance a cikin minti 5 bayan sallah, wallahi ya cire wa mutum 50 ƙaya a ƙafa.

Akwai ma wani sabon abu da ya kamata a ce tun da ya fito an yi shelarsa a kowane masallaci. Daga zangon karatu na ƙarshen 2025 jihar New York ta fara biya wa manya 'yan shekara 25 zuwa 55 da ba su da wani digiri kuɗin kwalejin al'umma har da littattafai, in dai fannin da ake neman ma'aikata ne, irin su nas da koyarwa da fasahar kwamfuta da injiniya. Shekara 25 zuwa 55 fa, ku duba sahun Juma'a ku gaya min ba mu ba ne. Akwai kuma shirin ASAP da CUNY ta fara tun 2007, suna ba ɗalibi katin shiga jirgi da bas da taimakon littafi da mai ba shi shawara da zai riƙa bibiyarsa, binciken da aka yi a kansa ya nuna 40 cikin 100 na waɗanda ke ciki sun gama a shekara 3, waɗanda ba sa ciki kuma 22 cikin 100. Gaskiya shi ASAP cikakken ɗalibi yake so, ga mai aikin awa 12 da iyali a nan da iyali a gida abin da wuya, ba zan ɓoye ba. Amma ko wannan ai sai an sani kafin a ce ba za a iya ba. Haka CLIP, ajin Turanci ne mai zafi awa 25 a sati ga wanda CUNY ta ɗauka amma Turancinsa bai nuna ba, kuɗinsa kaɗan ne kuma ba ya cinye maka tallafinka.

Toh ga abin da nake roƙo. Makarantun nan suna aiki da ƙungiyoyin unguwa, suna tura ma'aikatansu su je inda mutane suke su yi bayani su taimaka da cike fom, amma da ƙungiya suke magana ba da mutum ɗaya ba. Ni in na je ni kaɗai ɗaliba ce tsohuwa, za a yi min fara'a a ba ni takardar talla. Ku in kun je, liman da shugaban ƙungiya mai rajista, da takarda ɗauke da sunan mutum 60 da suka ce suna so da lokacin da suke da sarari, wannan wata magana ce daban. Kuma muna da abin da za mu kai teburin, muna da ɗaki. Yawancin masallatanmu daga an idar da Asuba har Azahar a rufe suke ranakun aiki, ɗakin islamiyyar yara da allo da kujeru yana nan Litinin zuwa Juma'a ba kowa, haya kuma ana biya ko an shiga ko ba a shiga ba. A nemi su kawo malamin Turanci nan, ko su horar da yaranmu da suka gama kwaleji su koyar, ko mafi ƙaranci su riƙa zuwa sau ɗaya kowane zango kafin a rufe rajista. Ban ce duk abin da aka nema za a samu ba, su ma kuɗinsu a ƙirge yake kuma ajujuwan kyauta suna cika da wuri. Amma wanda bai je ba ai ko a'a bai samu ba.

In kun je dan Allah ku faɗa musu yadda rayuwarmu take don kar a tsara abin da ba mai zuwa. Direba da ya kwana a titi ba zai zo aji ƙarfe 9 na safe ba, mai kitso Asabar ce kasuwarta, ba a sa aji lokacin Juma'a, in azumi ya zo a sassauta. Kuma a gaya musu akwai waɗanda ba ajin Turanci kawai suke buƙata ba, ba su taɓa riƙe biro da boko ba, amma sun sauke Alƙur'ani suna rubuta ajami tsaf. Mutumin da ya haddace izu 60 ba jahili ba ne, baƙin ne kawai aka canja masa, in aka haɗa shi aji ɗaya da wanda ya yi BAC, wato ya gama sakandaren Faransanci, sati 2 zai yi ya gudu don kunya. A ware musu ajinsu, a sa musu mai jin Hausa a gefe.

Kunyar nan ita ce ma dalilin da ya sa na nace a kan masallaci. Dattijo mai jikoki da ake kira Alhaji a tashi a ba shi wuri, da wuya ya yarda ya je ya zauna cikin baƙin fuska yana haɗa baƙi ana jinsa. Amma a ɗakin da ya saba cire takalmi ya shiga, kusa da abokinsa da suke shan shayi tare, zai zauna. Na ga haka tun ina yarinya. A 1980 gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, mahaifiyata Allah ya jiƙanta a irin ajin nan na yaƙi da jahilci ta koyi rubuta sunanta, kuma ba don komai ta je ba sai don a cikin unguwa ake yi kuma mai unguwa da liman sun ce a je. Da a wani gini ne can cikin gari babana ba zai bari ba ita ma ba za ta nema ba. Gemu ba ya hana ilimi kowa ya iya faɗa a baki, amma sai mai gemun ya ga wani mai gemu a zaune kafin ya shigo.

Yanzu maganar da na san wasu ba za su so ba. Akwai matan da suka yi rajista da hannuna suka fara zuwa suka daina, in ka bincika maigida ne ya ce wa zai dafa abinci, ko kuma wai mace in ta yi karatu a ƙasar nan ta fi ƙarfin miji. Alhazai ku yi haƙuri, matar nan dai ita ce kuka yarda ta kwana 3 a gidan wani tsoho baƙo tana masa wanka saboda ana biya, toh don me awa 2 a aji zai zama shi ne fitina? Ni maigidana Allah ya saka masa, shi ya koma tuƙin dare don ya riƙa ɗauko yara da rana, ya sha magana a majalisa har ana ce masa mijin ta ce, yau kuɗin makarantar babbar 'yarmu tare muke biya kuma aurenmu yana nan lafiya lau. Wannan ba maganar da ni zan faɗa a ji ba ce, daga kan mumbari ya kamata ta fito. Kullum muna jin neman ilimi wajibi ne a kan kowane Musulmi, muna so mu ji an ƙarasa da cewa ga inda ake yi, ga ranar rajista, kuma maza ku bar matanku su je ku ma ku je.

Su ma mazan akwai asarar da ake yi da su mai yawa. Na san masu takardar WAEC da masu BAC da masu difloma har da wanda ya koyar a sakandare a gida, sun zo sun jefa takardun a ƙasan akwati saboda wani ya ce musu a nan ba ta da amfani, alhali ana kaiwa a duba a tantance, wani ma ba ya buƙatar GED ɗin sam. Masu gyaran mota da ke kwance a ƙarƙashin mota a gefen titi cikin sanyi, Bronx Community College tana da fannin gyaran mota sukutum da garejinta, hannun yana nan takardar ce babu. Ga aikin tafinta a asibiti da kotu, wanda muke kukan babu masu yi da Hausa, wa zai yi in ba mu ba?

Sai yaran nan sababbin zuwa da suka cika gari tun 2022, 'yan Gini da Senegal da Muritaniya da namu ma a ciki. Kun buɗe musu masallatai sun kwana kun ciyar da su a azumi, wannan Allah kaɗai zai biya ku. Amma yaro ɗan shekara 22 in aka bar shi da keken delibari kawai, zai buɗe ido ya gan shi da shekara 40 a kan keken. Ina yawan tuna Amadou Diallo Allah ya jiƙansa, wanda 'yan sanda suka harbe a ƙofar gidansu a Soundview ranar 4 ga Fabrairu 1999 yana da shekara 23, talla yake yi a gefen titi amma ya tara dala 9,000 don ya shiga kwaleji. Irinsa suna nan da yawa a sahun baya, da burin da komai, mai nuna hanya ne babu. Na san maganar takardu tana sa kowa ɗari-ɗari musamman a wannan lokacin, kuma dokokin suna canjawa, shi ya sa ba na so a riƙa ɗaukar fatawa daga majalisar shayi ko bidiyon TikTok. CUNY tana da shirin Citizenship Now da lauyoyi ke duba maganar takardun zama kyauta, a gayyato su ko a tura mutane wurinsu su ji daga bakin masu abin, wane aji ne kowa zai iya shiga wane ne sai mai takarda.

Kuma in muka yi shiru wasu ba za su yi ba. Makarantun kuɗi masu talla a cikin jirgi da hoton mutum sanye da farar riga yana murmushi, su suna da masu bi gida-gida, su sa mutum ya sa hannu a takardar rancen da bai iya karantawa ba. Ɗaya daga cikin manyansu a garin nan ta rufe a 2023 bayan an janye mata amincewa, ɗalibai suka watse suna neman inda za su ƙarasa. Ga ribar da muke gudu nan ta shigo ta taga, saboda ba a nuna wa mutane ƙofar da ba ta da ita ba.

Ban nemi a kafa sabuwar ƙungiya ba, waɗanda muke da su sun isa, kuma dan Allah kar abin ya zama na 'yan Ghana ko na 'yan Nijar ko na wannan ɗariƙa ban da waccan, wasiƙar kotun haya ba ta tambayar garinku. Mutum 3 ko 4 kawai nake roƙo a ware, a sa mace a ciki, a sa matashi ɗaya da ya yi CUNY ya san ofisoshin. A ajiye takarda a ƙofar maza da ta mata Juma'a 2 a jere, duk mai so ya rubuta suna da lokacin da yake da sarari da inda karatunsa ya tsaya, wanda bai iya rubutawa ba a rubuta masa a asirce ba tare da an ɗaga murya ba. A cikin asusun da muke tarawa na jana'iza da taimakon juna a ware ɗan wani abu ko yaya ne na kuɗin fom da kuɗin jirgi, don na ga wadda dala 65 ta kuɗin neman shiga ta tsayar da ita zango guda.

Ni ina hutu Talata da Asabar. Takardar ɓangaren mata ni zan riƙe in an yarda min, cike fom ɗin tallafi kuma na yi nawa na yi na 'yata na san inda yake da wuya, duk wadda ta zo zan zauna da ita. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu ina nan bayan labule da biro da takarda, ina jiran in ji ko liman zai yi sanarwa.

Wassalamu alaikum.

'Yarku, daga sashen mata.